A Bar Ɗalibi Ya Faɗi Zatonsa Tukuna

Jama'a, ina so in ɗan tsoma baki cikin wata magana wadda wani zai ce ba tamu ba ce, watau maganar yadda a ke koyar da aikin injiniya. Na san za a ce mini, kai da ke kolejin horon malamai, ina ruwanka da masu gina gada da masu haɗa inji? To, da ruwana ƙwarai. Yaron da zai zama injiniya ba daga sama ya ke faɗowa cikin jami'a ba. Ta hannun malamin firamare ya ke bi, sa'an nan ya bi ta hannun malamin ƙaramar sakandare wanda zai koya masa lissafi da fasaha, su kuwa waɗannan malamai a gida irin namu a ke horonsu. Irin ɗabi'ar koyarwa da muka sallame su da ita, da ita za su shiga aji, da ita kuma yaran za su girma. Ban da wannan ma, duk cikinmu ba wanda ba ya hawa bene, ba kuma wanda ba ya ƙetare gada.

Ra'ayina gajere ne. Kafin malami ya rubuta ƙa'idar lissafi a allo, ko kuwa ya nuna wani gwaji, ya kamata ya tsai da ɗalibi ya faɗi abin da ya ke zato zai faru, ya kuma faɗi dalilinsa. Bayan haka a gwada a gani, sa'an nan a kawo lissafi ya warware abin da aka gani. Mu kuwa yawanci mun juya abin baya gaba. Malami ya shigo, ya ba aji baya, ya cika allo da ƙa'ida, ya yi misali biyu, yara su kwafe, ƙararrawa ta buga. Ran jarrabawa su mayar masa da kayansa yadda ya ba su. Kowa ya rabu da kowa lafiya, amma fa ba wanda ya taɓa tambayar yaron abin da shi kansa ya ke tsammani.

Bari in ba da misali da abin da kowa ya sani. A sami katako mai tsawon ƙafa 12, kaurinsa inci 2, faɗinsa inci 6. A ɗora bakinsa ɗaya bisa bulo, ɗaya bakin kuma bisa wani bulo, mutum ya hau tsakiya ya tsaya. Da fari a kwantar da katakon, a auna yadda ya lanƙwashe. Sa'an nan a tsai da shi a kan gefensa, a riƙe shi kada ya kife, a sake hawa. Kowa ya san na biyun ya fi ƙin lanƙwasa, ai shi ya sa kafinta ke tsai da katakon rufi a gefe. Amma tambayi aji, sau nawa ya fi? Yawancinsu za su ce sau 3, don 6 ya ninka 2 sau 3. Ashe sau 9 ne. Dalili kuwa, wajen ƙin lanƙwasa faɗin katako sau ɗaya ya ke shiga lissafi, tsayinsa kuwa daga ƙasa zuwa sama sai an buga shi da kansa har sau 3. A kwance, 6 sau 2 sau 2 sau 2 ya ba da 48. A tsaye, 2 sau 6 sau 6 sau 6 ya ba da 432. In ka raba 432 da 48, ga 9 nan. Haka kuma in ka riɓanya nisan da ke tsakanin bulo da bulo, nauyin da ke tsakiya bai sake ba, lanƙwasar za ta ƙaru sau 8, alhali yaro zai ce maka sau 2.

To, wannan ƙa'ida tana cikin kowane littafin ƙarfin kayan gini, kuma ɗalibi yana iya haddace ta cikin minti biyar, ya manta da ita cikin mako biyu. Amma yaron da ya miƙe gaban 'yan'uwansa ya ce sau 3, ya ma yi gardama a kai, sa'an nan ya ɗauki rula da hannunsa ya auna ya ga wajen sau 9, wannan yaro ya sami abin da ke sosa masa rai. Shi da kansa zai nemi dalili. Sa'ad da malami ya kawo ƙa'idar, za ta tarad da tambaya tana jiranta a cikin kan yaron.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan yara ne. Duba maganar rodi cikin kankare. Kankare yana da ƙarfi ƙwarai in an danne shi, amma in an ja shi ba ya jimrewa, ƙarfinsa na ja bai wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa na danni ba. Shi ya sa a ke sa masa rodi a wurin da zai sha ja. Sami guntun katifa, ka ja masa layuka a tsaye a gefensa, ka ɗora shi bisa littattafai biyu, ka danna tsakiya. Za ka ga layukan sun matse a sama, sun buɗe a ƙasa, watau ƙasan ne ke shan ja, nan ne wurin rodi. Yanzu riƙe baki ɗaya na katifar, ka bar ɗaya a iska, ka danna ƙarshensa. Sai ka ga abin ya juya, sama ne ya buɗe. Wannan shi ne halin barandar bene wadda ta fito waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, rodinta a sama ya ke. Ɗalibin da abin da ya ɗauka a aji shi ne rodi a ƙasa a ke sa shi, ran da ya tsaya a wurin gini, leburori suna tafiya da kwanon sarki bisa rodin baranda suna tattake shi ƙasa, ba abin da zai dame shi. Wanda ya taɓa ganin katifa ta buɗe ta sama kuwa, tun daga nesa zai ɗaga murya ya ce a dakata.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba, kuma waɗanda suka riga mu gane shi sun auna shi da alƙaluma. Akwai wani malamin ilmin fizik, watau ilmin motsi da ƙarfi da zafi da lantarki, wanda shi ne harsashin karatun injiniya, sunansa Eric Mazur, a Jami'ar Harvard ta Amurka. Ɗalibansa suna cin jarrabawa, suna kuma yabon laccarsa. Wajen 1990 sai ya ba su waɗansu tambayoyi marasa lissafi, irin su, in babbar mota ta yi karo da ƙaramar mota, wace ce ta fi bugun 'yar'uwarta da ƙarfi? Ka'idar Newton ta uku, wadda duk sun haddace, ta ce ƙarfin bugun daidai ya ke, ƙaramar dai ita ta fi jin jiki sabo da rashin nauyinta. Amma da yawa cikinsu suka ce babbar ce. Ya kuma tarar suna iya lissafin wutar da ke bin waya daidai, amma in an tambaye su ko ƙwan fitila zai ƙara haske ko zai rage in an danna makunni, sai su ruɗe. Daga 1991 ya sake hanya. Sai ya yi ɗan bayani, ya jefa tambaya ɗaya, kowa ya yi shiru ya yi tunani kamar minti ɗaya, kowa ya nuna amsarsa, sa'an nan ya ce kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi. Bayan 'yan mintoci a sake nuna amsa, yawanci sai a ga masu daidai sun ƙaru, kana shi ya yi bayanin ƙarshe.

A 1998 wani malami mai suna Richard Hake ya tattara sakamakon ɗalibai fiye da 6,000 a darussa 62 na ilmin motsi. An gwada su tun farkon darasi, aka sake gwada su a ƙarshe. Waɗanda aka koyar da lacca zalla sun cike wajen kashi 23 cikin 100 na giɓin da suka shigo da shi, waɗanda aka sa su tunani da gardama a aji kuwa suka cike wajen kashi 48. A 2014 kuma Scott Freeman da abokan aikinsa suka haɗa bincike 225 na darussan kimiyya da lissafi da injiniya. Suka tarar inda a ke lacca kaɗai wajen kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ke faɗuwa, inda a ke sa su aiki a aji kuwa wajen kashi 22. Mai karatu ya ƙiyasta aji mai mutum 100, yara 12 ke nan waɗanda hanyar koyarwa ce kaɗai ta raba su da faɗuwa, kowannensu kuwa da iyayen da suka sayar da wani abu suka biya masa kuɗin makaranta.

Amma binciken da ya fi shiga raina shi ne wanda Mazur da abokansa suka buga a 2004, don ya taɓa wani karin magana namu. Mun ce gani ya kori ji. To, suka gwada, suka tarar ɗaliban da aka nuna wa gwaji suna zaune suna kallo kurum, fahimtarsu ba ta fi ta waɗanda ba su ga gwajin ba sai da ɗan kaɗan. Waɗanda aka sa su faɗi zatonsu kafin a yi gwajin, su ne suka ƙaru sosai. Ashe gani ma ba ya korar ji sai mai ganin ya riga ya sa ransa ga wani abu.

Wannan shi ya kawo ni ga uzurin da na fi ji a bakin 'yan'uwana malamai, watau ba kayan aiki. Gaskiya ne, ba kaya, kuma abin takaici ne a ce ɗalibin injiniya ya gama shekara bai taɓa injin da a ke koya masa ba. Ba na ce a daina kuka ba. Amma a tuna abin da ya faru sa'ad da aka shiga tsarin 6-3-3-4 a 1982, aka sa koyon fasaha cikin ƙaramar sakandare. Gwamnati ta sayo injuna da kayan aiki daga ƙasashen Turai aka rarraba wa makarantu, da yawansu kuwa suka zauna cikin akwatunansu shekara da shekaru, wani wuri ba ɗakin da za a kafa su, wani wuri ba lantarki, wani wuri ba malamin da ya san kansu. Kaya sun zo, hanyar koyarwa tana nan yadda ta ke. Katako da bulo biyu da guntun katifa kuwa ba makarantar da za ta ce ta rasa su. Ko karan dawa ya isa darasi: tsai da gajeren kara ka danne shi, sa'an nan ka tsai da dogo mai kauri ɗaya da shi, ka tambayi yara wanne zai riga gocewa, da kuma nawa. Siririn ginshiƙi in ka riɓanya tsawonsa, nauyin da zai iya ɗauka kafin ya goce ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Haka nan ruwa cikin kwaɓin siminti. Birkila yana son ruwa da yawa don kwaɓin ya yi daɗin zubawa, alhali tun 1918 Duff Abrams ya nuna yawan ruwa rage ƙarfin kankare ya ke yi. A sa yara su kwaɓa kashi biyu, ɗaya da ruwa daidai, ɗaya tsululu, kowa ya rubuta zatonsa a takarda a ajiye, bayan kwana 28 a zo a fasa.

Wani kuma zai ce aji ya yi yawa, mutum 200 ko fi, ina za ka ji zaton kowa? Ai hanyar Mazur don babban aji aka yi ta. Ba sai ka ji kowa ba, ɗaga hannu ya isa, ko kuwa kowa ya riƙe 'yar takarda mai harafi ya ɗaga. Maganar manhaja ta yi tsawo kuwa, wannan na yarda da rabinta. Lalle wanda ke tsayawa yana tambaya ba zai ci shafi da yawa kamar mai karantowa ba. Sai dai ina tambaya, shafin da aka wuce bai zauna a kan kowa ba, wa ya amfana? Abin da ɗalibi ke iya karantawa da kansa a ɗaki, a bar masa ya karanto, lokacin aji a kashe shi wurin da wuya ta ke.

Akwai wata wahala wadda ba a cika faɗinta ba, ita ce su ɗaliban da kansu ba sa son abin. A 2019 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Harvard, aka tarar waɗanda aka sa su aiki a aji sun fi cin gwajin ƙarshe, amma su a ransu suna jin kamar ba su ƙaru ba, sun fi son lacca mai daɗi. Dalili a fili ya ke, lacca mai kyau kamar tatsuniya ce, kana ji kana gyaɗa kai, sai ka ɗauka ka iya. Mu nan kuma ga kunya ta ƙaru a kai. An hore mu kada yaro ya yi musu da babba, kuma yaro yana tsoron ya faɗi kuskure a yi masa dariya. Ladabi abu ne mai kyau, ba na so a taɓa shi. Amma malami ne zai nuna wa aji cewa zato ba rashin kunya ba ne, kuma ba a rage wa kowa maki don zatonsa ya kauce. In malami ya yi wa yaro ɗaya tsawa sabo da amsar da ba daidai ba, to, ya rufe bakin sauran har ƙarshen zango.

Kada kuma a fahimce ni a karkace. Ba na raina hadda, ba na kuma raina lissafi. Wanda bai haddace jadawalin sau ba, da ma'aunai, da manyan ƙa'idodi, ba zai yi nisa ba. Hannu kaɗai kuma ba ya isa. Maginan gargajiya sun san iyakar nisan da azara ke iya ɗauka, sun san inda za su ɗaura bakan gizo, masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19 shaida ne. Amma saninsu na abin da aka taɓa ginawa ne. Injiniya kuwa a kan kira shi ya gina abin da ba a taɓa yi ba a wurin, kamar gadar Anaca ta 1965 ko madatsar Kainji ta 1968, a nan kuwa ba abin dogara sai lissafi. Abin da na ke nema shi ne lissafin ya zauna tare da ido, kowanne yana tsaron ɗan'uwansa.

Abin da ya faru a Kwibek ta ƙasar Kanada ya isa a koyar da shi a kowane aji. Ana gina wata babbar gadar ƙarfe bisa kogin Lorans, sai aka ƙara tsawon tsakiyarta daga ƙafa 1,600 zuwa 1,800, amma ba a koma aka sake lissafin nauyin gadar yadda ya kamata ba. Babban injiniyan da ke da ikon aikin yana can New York, da wuya ya ke zuwa wurin. Da aiki ya yi nisa sai aka ga waɗansu manyan ƙarafa na ƙasa sun fara lanƙwashewa. An gani, an auna, an rubuta masa, har wani saurayin injiniya ya tafi ya same shi. Amma a wurin aikin ba a sami mai ikon da ya yarda da abin da idonsa ya nuna masa har ya kori mutane daga kan gadar ba. Ran 29 ga Agusta 1907 ta rushe, mutum 75 suka hallaka. Ƙarfe mai goce wa danni kuwa shi ne darasin karan dawa da na faɗa ɗazu.

A ƙasarmu karatun injiniya ba tsoho ba ne. Babbar Kolejin Yaba da ke Ikko, watau Legas, wadda aka buɗe a 1934, mataimakan injiniyoyi ta ke horarwa don aikin gwamnati. Karatun digiri kuwa a Zariya ya fara cikin shekarun 1950, ana ɗaukar jarrabawar Jami'ar London, kafin ya koma hannun Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. An kafa COREN, majalisar da ke kula da aikin injiniya, a 1970. A 1973 kuma aka kawo shirin SIWES, wanda ke tura ɗalibai ma'aikatu su yi watanni suna koyon aiki. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1906 Herman Schneider ya fara ta a Jami'ar Cincinnati, inda yara ke mako ɗaya a aji, mako ɗaya a masana'anta. Shiri ne mai kyau, amma na sha jin waɗanda suka dawo suna cewa aike kawai aka yi ta yi musu, littafin rahoto kuwa a mako na ƙarshe suka cike shi. Ni a ganina wani ɓangaren laifin daga aji ya taso. Yaron da ba a saba masa da yin zato ba, ko an kai shi gaban inji kallo zai yi, kamar waɗancan na binciken 2004.

A 2023 COREN ta zama cikakkiyar 'yar Yarjejeniyar Washington, wadda aka ƙulla tun 1989 don ƙasashe su riƙa amincewa da digirin injiniya na juna. Sharaɗin yarjejeniyar shi ne a auna makaranta da abin da ɗalibinta ke iya yi ran da ya fita. Abin murna ne. Tsorona ɗaya, kada abin ya tsaya a cike takardu don masu zuwa dubawa, aji kuwa yana nan jiya i yau.

Mabuɗin abin, in an bi ta tawa, yana wurin jarrabawa. Ɗalibi ba wawa ba ne, abin da ya ga ana ba maki a kai shi ya ke koya. In tambayoyin bana su ne na bara da aka sake wa lambobi, to, hadda zai yi, ba kuwa mai ganin laifinsa. A sa ko da tambaya ɗaya cikin biyar ta zama irin ta katakon nan: ga abu, me zai faru in an sake kaza, kuma don me? A ba dalili maki fiye da amsa.

Mu nan koleji kuwa ga abin da na ke roƙo. Ɗalibanmu masu fita koyon koyarwa a makarantu suna rubuta shirin darasi, mu kuma muna bin su da takardar dubawa, muna ba da maki don tsabtar allo, da murya, da riƙon aji, da kayan koyarwa. Ina so a ƙara gurbi ɗaya a takardar nan ga masu koyar da lissafi da kimiyya da fasaha: wace tambaya ɗalibin malami ya yi wa yara kafin ya ba su amsa, kuma yara nawa suka faɗi zatonsu? Ina kuma roƙon sashen fasaha su ajiye katako mai ƙafa 12 da bulo biyu a bakin ɗakin aikinsu tun farkon zango mai zuwa, da rula, da allo ƙarami inda mai wucewa zai rubuta lambar da ya ke zato kafin ya hau.